Sunan Allahmagani

Sulaimanu ne da kansa ya hawo bene da hoton, rungume cikin kwali, ya jingina shi da bangon falo a gaban matan da suka zo zaman makoki. Daga unguwar Jamaica ya taso, ko rigar aikinsa ta filin jirgi bai tsaya cirewa ba. Da ya yage kwalin sai ga Mama tana murmushi cikin zanen zumuntar mata, tulun kiɗanta a kan cinya. Matan suka sake ɓarkewa da kuka. Ƙanwarsa Kyauta kuwa ba fuskar ta tsaya kallo ba, rubutun da ke ƙasa idonta ya faɗa wa. An rubuta da manyan baƙaƙe: MONICA BITRUS.

Monika dai sunan baftisma ne, ba mai kiran Mama da shi sai ma'aikatan asibiti da mai kawo wasiƙa. Sunanta Allahmagani. Kakarsu ta binne 'ya'ya a jere a can ƙauyensu kusa da Zonkwa, da wannan ta zo ta zauna sai aka raɗa mata shi. Kuma Mama ba ta yarda a gutsure mata suna. Duk wanda ya ce mata Mama Magani, sai ta harare shi ta ce, "Ni kemis ce? Ka faɗa duka ko ka bari."

"Yaya, zo kicin," in ji Kyauta.

Ya biyo ta, ta turo ƙofa.

"Ina sunan Mama?"

"Ga shi can a rubuce. Ko duk karatun naki a littattafan ƙarya ya ƙare?"

"Ka san abin da nake nufi."

"Na sani." Ya buɗe firij ya ɗauki ruwa kamar maganar ba ta kai a tsaya mata ba. "Jibi coci za mu shiga da ita, ba masallaci ba. Kuma ki gaya wa su Mama Laraba na zumuntar mata, waƙar nan da za su yi, duk inda kalmar nan take su sa Ubangiji."

Kyauta ta ji kanta ya yi zafi. Waƙar ta Mama ce, ita ta ƙago ta tun suna gida, ta ƙetaro da ita har nan unguwar Port Richmond tana ƙara mata baitoci, kuma amshinta shi ne sunan nata. A asibiti, lokacin da murya ta fara ƙin fita, abu biyu Mama ta roƙa. Ta ce, "Ɗana ya riƙe kaina ranar da za a fita da ni. Ku kuma ku yi mini waƙata." Sulaimanu yana tsaye a wurin, ya ji da kunnensa.

"A gabanka ta faɗa, Yaya."

"Za a yi mata waƙa. Gyara kawai na yi."

"Uwar taka za ka gyara?"

Ya dire kwalbar ruwan da ƙarfi. Kafin ya ba ta amsa sai suka ji sallama a falo.

Hajiya Zuweira ce, mutuniyar Maraɗi mai shagon kayan miya a unguwar Tompkinsville, ɗauke da kular dambu. Tun zuwan Mama ƙasar nan suke tare. A shagon Hajiya take sayen daddawa, ta zauna a kan buhun shinkafa su yi ta gardama a kan wanda ya fi iya Hausa tsakanin Nijar da Najeriya. Hajiya ta ajiye kular, ta ɗaga hannu.

"Allah shi jiƙan Allahmagani. Allah shi ba ku haƙuri, ɗiyana."

Falo duka ya amsa da amin. Sulaimanu yana tsaye a bakin kicin, bakinsa a rufe.

"Sule, ba ka jiya ba?"

"Na ji, Hajiya. Ki riƙe addu'arki, muna da tamu. Kuma jibi ba sai kin wahalar da kanki zuwa coci ba."

Hajiya ta dube shi daga sama har ƙasa, ta gyara mayafinta.

"Bon," ta ce da Faransanci. "Ni kake kora? Sa'ad da uwarka ta kasa tashi, wa ya yi mata wanka? Ni da wannan yarinya munka ɗaga ta, munka juya ta. Kai kana can kana kallon Paparoma cikin waya kana zaginshi. Ba ni shiga cocinku tunda ka hana. Amma titi ba na ubanka ba ne."

Ta fita ba ta ko waiwayi kularta ba.

To, abin da ya kai Sulaimanu nan ba na rana ɗaya ba ne. Cocinsu ya daɗe da rabuwa gida biyu. Wasu suna bin Paparoma a duk abin da ya ce. Wasu kuma suna cewa ya saki koyarwar kakanni, yau ya sassauta wa masu sakin aure, gobe a gan shi zaune da limamai ana ta murmushi ana kiran juna 'yan'uwa. Masu wannan ra'ayi suna taruwa a ɗakin ƙasa, can ƙarƙashin ginin cocin, bayan Misa, yawancinsu Turawa, sai ɗaiɗaikun baƙaƙe. Wata Lahadi da matan zumunta suka gama waƙa, wata tsohuwar Baturiya ta tare Sulaimanu a bakin ƙofa ta tambaye shi, shin kunnenta ne ko kuwa Allah ta ji ana kira a gaban bagade? Ta ce ga irin abin da Paparoman nan ya buɗe wa ƙofa. Lahadin da ta biyo baya sai ga Sulaimanu a ɗakin ƙasa.

Kyauta ta san ba Baturiyar kaɗai ba ce. Ranar da aka kashe babansu a rikicin gida, ita tana goye a baya, ba ta san komai ba. Shi kuwa yana kwance cikin dawa yana gani, kuma ya ji sunan da masu adduna suke kira. Mama ta ji abin da ya ji, amma ita cewa take yi, "Don ɓarawo ya kira sunan ubana, sai in bar masa uban?" Shi ya yi shekaru yana haɗiye abin, har ya samu mutanen da suka ce masa yana da gaskiya.

Washegari suka je wurin Fada Kwabena don tsara Misar. A zauren coci ya karɓe su, ƙarƙashin wata ƙusa da ke bango tsirara. Da hoton Paparoma ne a wurin. Wani ya cire, Fada ya mayar, aka sake cirewa, sai ya gaji ya bar ƙusar haka. Mutumin Ghana ne, a zangon Kumasi ya girma, Hausarsa ba ta raba mace da namiji.

"Mama ya koya mini waƙar nan da kanshi," in ji Fada, bayan ya saurare su. "Sulaimanu, ba laifi a cikinta. Kai ma da ka koyi addu'a kana yaro, da wane suna aka koya maka? Kiristocin Larabawa ma..."

"Fada, ban zo lacca ba. Irin wannan lallashi ne ya kai mu inda muke. Paparoman naku ya ce kowa da kowa ɗaya ne, ku kuma kun bi."

"Namu? Kai naka yana ina?"

"Nawa ba ya cire takalmi a ƙofar masallaci."

Fada ya shafa fuskarsa da hannu biyu. "Paparoma bai san Mama ba. Bai taɓa jin waƙarshi ba. Tun ba a haifi Paparoman nan ba ake kiran sunan nan a cocin ƙauyenku. Kada ka ɗora mishi wannan."

"To ka ce za a yi, Fada," in ji Kyauta. "Kai ne Fada. Ka ce kawai za a yi."

Fada bai dube ta ba. "Ni ba zan hana ba, ba zan tilasta ba. Rabin cocin nan ba ya gaisawa da rabi. Ba zan ƙara wuta a kan gawa ba. Sunan da iyali suka ba ni shi zan kira, kuma shi ne babba."

Sulaimanu ya juyo gare ta. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mata sauƙi.

"Saurara da kyau, Kyauta. Masu ɗaukar akwati mutanena ne, ni na roƙe su. In na ji kalmar nan a gaban bagade, ko a waƙa ko a suna, zan tashi in fita, su ma su biyo ni. Sai ki nemi mai riƙe mata kai."

Ta dubi Fada, Fada yana duban ƙasa. Abu biyu Mama ta roƙa, ga shi an ce ta zaɓi ɗaya. Ta tuna yadda Mama take leƙen taga duk Lahadi ko motar Sulaimanu ta iso, yadda take ɓoye masa ƙafar kaza ta ce wa Kyauta nama ya ƙare. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "To."

Da yamma matan zumunta suka zo gwaji a falo. Mama Laraba, shugabarsu, ta ji sabon umarni ta ja tsaki. "Ubangiji magani? Wannan ai sai ka ce an cusa wa yaro takalmin ubansa." Amma suka gwada, don Kyauta ta roƙe su. Ita aka miƙa wa tulun Mama, tunda ita kaɗai ta iya bugunsa yadda mai shi take yi.

Ranar jana'iza aka wayi gari da yayyafi. Hoton yana tsaye a bakin ƙofar coci da sunan Monika a ƙasa. Mutanen ɗakin ƙasa sun cika kujerun dama cikin baƙaƙen kwat, Sulaimanu a gabansu. Matan zumunta suna hagu cikin anko. Akwatin yana tsakiya a kan keken turawa. Fada ya yi ta cewa "'yar'uwarmu Monika", da Turanci da Hausa, kuma duk sanda ya faɗa sai Kyauta ta ji kamar ta shigo jana'izar wata baƙuwa bisa kuskure.

Da aka zo ƙarshe Fada ya yi wa matan alama. Kyauta ta gyara tulun a cinyarta, ta buga. Mama Laraba ta ɗauka.

"Na zo da ciwo, wa zai duba ni?"

"Ubangiji magani," matan suka amsa.

Amshin bai zauna ba. Bugun tulu ya riga ya sauka, su kuwa ba su gama furta kalmar ba. Wasu suka yi sauri, wasu suka ja, amshin ya watse. Mama Laraba ta harari na bayanta ta sake ɗauka.

"Na bar gida, na ƙetare ruwa."

Wannan karon rabinsu ne suka amsa. Wata ta fara da "Al..." ta kama bakinta. Wani yaro a baya ya yi dariya, uwarsa ta make shi. Kyauta ta ji hannunta yana bin waƙar gaskiya shi kaɗai, yana barin gurbi daidai tsawon sunan Mama, gurbin kuma ba kowa a ciki. Matar da ta ƙi yarda a gutsure mata suna ko a wasa, yau ga ta kwance an cire mata shi ɗungum, an lalata mata waƙa, 'yarta kuma ita ke buga musu tulu.

Mama Laraba ta ɗauki baiti na uku kamar mai neman a gama a huta.

"Dare ya yi mini a ƙasar mutane."

"Allah magani."

Muryar Kyauta ce, siririya, tana rawa, amma ta sauka daidai kan bugun. Mama Laraba ta waiwayo ta dube ta, sai ta maimaita baitin da ƙarfi, matan duka suka saki murya. Masu kacau-kacau suka shiga. Waƙar ta miƙe tsaye kamar yadda take tun a gida, har tsofaffin da ke zaune suka fara rausaya suna kuka.

Sulaimanu ya tashi. Ya fito tsakiya, ya durƙusa da gwiwa ɗaya ga bagade, ya yi alamar gicciye a tsanake, sannan ya juya ya bi ta gefen akwatin uwarsa bai taɓa shi ba. Mutanensa suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, takalmansu suna ƙara a kan daɓe. Tsohuwar Baturiyar nan ta tsaya kusa da Fada ta ce masa wani abu da Turanci game da bishop. Kyauta ba ta daina bugu ba. Ta san in ta tsaya hannun ba zai sake ɗaguwa ba.

Aka turo akwatin har bakin ƙofa. Daga nan keke ba ya aiki, matakala ce doguwa zuwa titi, ga ta a jiƙe. Ma'aikacin gidan jana'iza ya duba hagu ya duba dama, ya tambayi ina mazan da aka ce masa.

"Ga mu," in ji Mama Laraba, tana ɗaure zanenta a ƙugu. "Mu da muka ɗauki itace a ka, Allahmagani ce za ta gagare mu?"

Matan suka kama hannuwan akwatin. Fada ya tattare rigarsa ya kama ɗaya. Kyauta ta ajiye tulu ta kama wajen kai, inda aka ce ɗa ne zai riƙe. A hayin titi ta hango Sulaimanu jingine da motarsa, mutanensa kewaye da shi. Can gefe kuma, ƙarƙashin lema, Hajiya Zuweira ce tsaye da babban ɗanta Tamimu, direban tasi. Ba ta shiga ba, kamar yadda ta ce, amma ta zo.

Nauyin ya fi abin da Kyauta ta zata. Suna tsakiyar matakala takalmin wata ya zame. Akwatin ya karkace, gefe ɗaya ya yi ƙasa, ƙarfen ya fara suɓucewa daga yatsun Kyauta.

"Wayyo Allah! Mama!"

Ihun daga hayin titi ya fito, kuma ba wanda bai gane muryar ba. Tamimu ya riga ya yi tsalle ya tallafe akwatin da kafaɗa, matan suka gyara riƙo. Da Kyauta ta ɗaga kai sai ga Sulaimanu tsaye a tsakiyar titi, hannuwansa a miƙe, wata bas tana danna masa oda. Mutanensa suna kallonsa. Ɗaya daga cikinsu ya ɗaga murya ya tambaye shi da Turanci me ya ce yanzu.

"Yaya," Kyauta ta kira. "Ga wurinka. Zo ka riƙe ta."

Ya dubi akwatin, ya dubi kafaɗar Tamimu a ƙarƙashinsa. Sannan ya dube ta, irin kallon da bai taɓa yi mata ba, kamar ita ta sa hannu ta zaro kalmar daga maƙogwaronsa a gaban mutane.

"Ai kin samu masu ɗauka," ya ce.

Ya koma ya shiga motarsa. Bai bi jerin motocin ba.

A maƙabarta ruwan ya ɗauke. Kyauta ta yi ta waiwayen ƙofar shiga har aka gama mayar da ƙasa, sannan ta daina. Hajiya Zuweira ta zo ta tsaya kusa da ita, ba ta ce mata ta yi daidai ba, ba ta ce ta yi kuskure ba, sai ta kama mata hannun da ƙarfen akwati ya yanka ta ɗaure da hankici.

Ma'aikacin gidan jana'iza ya matso da ɗan allon da ake kafawa kafin a kawo dutse. Ya ce ɗan marigayiya ya ba shi suna ɗaya, amma yau ya ji ana kiran wani, kuma ɗan ba ya nan. Wanne zai rubuta?

"Allahmagani," in ji Kyauta.

Mutumin ya gwada faɗa ya kasa. Ya tambaya ko akwai gajerensa, don allon ƙarami ne.

"Babu," ta ce. "Ka ƙanƙanta rubutun."

Ta tsaya a kansa tana faɗa masa baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya har ya kai ƙarshe.